Takardun da Goggo Ta Kwashe

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a wata makarantar firamare ta kuɗi a unguwar New Bell ta birnin Duwala, irin wadda ake karantar da Faransanci da safe, Larabci da addini bayan azahar. Ofishina ɗan ɗaki ne na katako da aka yanka daga jikin ofishin Darakta. Idan ya yi atishawa ta bango nake yi masa addu'a. A ciki akwai teburina, da tafireta, da injin gurza takardu da muke kira roniyo, sai kwandon zuba takardun banza a ƙarƙashin taga. A unguwar aka haife ni, aure ne ya kai ni unguwar Bepanda, saboda haka kullum na zo aiki ji nake gida na dawo. Tun daga bakin titi mahauta ke gaishe ni da sunan mahaifina.

A lokacin ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Ina da takardar shaidar koyon bugu, ina sa takalmi mai tsini a cikin taɓon Duwala, Faransancina kuma ya fi na wasu malaman. Malamai suna yi mini kallon 'yar aike mai kujera, ni kuma ina yi wa mai shara kallon ta ƙasa da ni. Haka makaranta take, kowa da wanda yake takawa.

Mu uku ne ba malamai ba. Ni, da Baba mai gadi, da Goggo mai shara. Ranar ɗaukar hoto ba a kiranmu. Ranar rabon kyaututtuka mu ne masu jidon benci, in an tashi mu ne masu mayarwa. Baba mai gadi Babarbare ne, dattijo mai haƙori huɗu, shi ke buɗe ƙofa, shi ke dukan tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a bishiyar mangwaro a madadin ƙararrawa. Goggo kuwa Bafulatana ce daga Ngaundare. Mijinta ya kawo ta Duwala lokacin da yake rako shanu a jirgin ƙasa, ya rasu ya bar ta, ta yi zamanta a wani ɗaki da take haya a Nkololoun. Siririya ce, doguwa, ta ɗan ranƙwafa saboda tsintsiya. Babu wanda ya san shekarunta, har ita kanta. Yara da malamai da iyayen yara duk Goggo suke ce mata, ni kuma take ce mini 'yata.

Da an sallame sallar asuba take kamo hanya. Kafin yaro na farko ya iso ta share aji shida, ta wanke ban-ɗaki, ta buɗe bakin kwata. Wanda bai taɓa wanke ban-ɗakin makarantar firamare da damina ba, kada ya zo ya gaya mini ya san wahala. A Duwala ruwa ba ya neman izini. Idan ya sauka kwata ta cika ta juyo cikin fili, Goggo ce za ta ɗaure zane a gwiwa ta shiga da sanda tana zaƙulo leda da ɓawon rake. Malamai su tsaya a baranda suna ba ta shawara.

Akwai wata al'ada a makarantar da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san da ita: duk abin da ya shiga kwandon ofis na mai shara ne. Goggo ba ta karatu, ko boko ko Larabci, amma tana gane su da ido. Kowace safiya sai ta zauna a bakin ƙofata ta juye kwandon, ta ware takardun gida biyu. Masu rubutun Larabci ta sa su a wani tsohon gwangwanin madara, ta ƙone su a bayan aji ta binne tokar, don kada sunan Allah ya shiga kwata. Na boko kuwa ta miƙe su a cinya, ta goge da tafin hannu, ta ɗaure da zare, ta kai wa matar da ke suya a bakin ƙofar makaranta. Mami muke ce wa matar, 'yar kudu ce, mai jiki, mai dariya, tana soya makala, wato fanken Duwala, da dafaffen wake da kunu. Ita takardar naɗi take buƙata, Goggo kuma karin kumallo. Ba a taɓa yin ciniki ba, ba a taɓa yin faɗa ba.

Ƙarfe goma, idan Baba ya buga ƙarfen hutu yara suka fito, Mami za ta aiko da kwano. Mu uku mu zauna a bayan ofis kusa da tankin ruwa, inda inuwa take. Na Goggo ne abincin, amma ban taɓa ganin ta ci ita kaɗai ba. A nan nake cire takalmin nan mai tsini in miƙe ƙafa. A nan kuma ake yin wasan Barebari da Fulani, wanda ba ya ƙarewa.

"Baiwata," in ji Baba, "yaushe za ki amince in kai sadaki? Na gaji da cin makalar gwauro."

"Ka fara sayen haƙora tukuna," in ji Goggo. "Ina ni ina bawan da wake ma sai ya tsotsa?"

"Madam, kina ji ko? Bafulatana ta samu aikin lekol, aikin makarantar boko, ta manta da ubangijinta."

Ni ce alƙali, kuma kullum Goggo nake ba gaskiya, don kwanon nata ne. Har yau idan na ji ƙamshin makala da wake, wurin nan nake gani: tankin da ke ɗiga, hayaƙin masu tsire yana tsallako katanga, jirgin ƙasa yana kuka can nesa, yara suna ihu kamar an kunce awaki. Ina kewar wannan rabin sa'a fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata.

Sai shekarun nan suka zo da kowa ke kira kiriz, wato shekarun matsin tattalin arziki. Ba a rana ɗaya suka zo ba. Da fari dai ji muke an rufe kamfani kaza, an rage ma'aikata a wuri kaza. Wata sabuwar kalma ta shiga bakin mutane, har tsofaffin da ba su san ƙofar makaranta ba: kompirese. Wanda aka sallama daga aiki, an yi masa kompirese ke nan. Mutane masu taye suka koma tuƙa babur ɗin haya. Maigidana yana aiki a wani kamfani a tashar jiragen ruwa, wata Juma'a ya dawo da takarda a aljihu ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Daga ranar tafiretata ce ke ciyar da mu biyar.

Makaranta ma ta ji a jikinta. Iyaye suka fara janye yara, bencina suka yi ta zama babu kowa. Alhaji mai makaranta, ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, mutumin kirki in ana zaman lafiya, ya tara mu uku a farkon shekarar ya ce, "Wallahi ba na jin zan iya riƙe ku duka har ƙarshen shekara. Ku yi ta addu'a." Bai faɗi suna ba, amma ba sai an faɗa ba. Gari cike da ɓarayi ba za a kori mai gadi ba. Saura ni da Goggo. Darakta zai iya rubuta wasiƙunsa da hannu, yara kuma za su iya shara. Mu duka biyun mun san haka, kuma muka ci gaba da cin makala a kwano ɗaya ba wanda ya tayar da zancen.

A shekarar ne makarantu huɗu na unguwa suka haɗa kai za su yi wa 'yan aji shida jarrabawar gwaji iri ɗaya, kafin ta gwamnati. Mu kaɗai ke da roniyo mai rai, don haka aka damƙa mana bugawa. Alhaji ya yi ta alfahari da wannan a masallaci. Da can jarrabawarmu a allo malamai ke rubutawa, wannan ne karo na farko da za a gurza ta a ofishina.

Wanda bai san roniyo ba, ga yadda take. Ana buga rubutu a kan wata takarda mai kaki, tafireta ta huda haruffan. Idan ka yi kuskure sai ka shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, ka hura, ka jira. Sannan a naɗa takardar a jikin gangar injin, a matsa tawada, a yi ta juya hannu kamar mai niƙan markaɗe. Kofen farko kullum lalacewa suke, tawada ta yi yawa, sai an zubar da goma ko ashirin kafin rubutu ya fito fes. Sun lalace a idon Darakta, amma ana iya karanta su sarai.

Darakta ya san da haka. Ran Litinin da safe ya shigo ya ce mini da Faransanci, "Madam, duk takardar da ta lalace, ke da hannunki za ki ƙone ta kafin ki bar makarantar nan. Ko ƙyalle kada ya shiga kwando." Goggo tana goge taga a lokacin, amma ba ta jin Faransanci in ban da gaisuwa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, har da ɗan jin haushi, wai ni za a koya wa aikina.

Na wuni ina juya hannu. Lissafi, Faransanci, tarihi, da na Larabci wanda malamin addini ya zana da hannunsa. Lalatattun ina tara su a gefen tebur. A kwanakin nan gari ba shi da tabbas: sai a tashi lafiya, kafin la'asar a ce an rufe hanyoyi, ba tasi, ba kasuwa, matasa suna ƙona taya a mahaɗa. Darakta ya ji ƙishin-ƙishin tun azahar, ya ba ni mabuɗin kabad ya sulale, alhali shi ya kamata ya tsaya a kaina har a gama. Wajen ƙarfe huɗu Baba ya buga mini ƙofa.

"Madam, bar aikin nan. An fara a hanyar Bepanda. In kika ƙara minti goma a nan za ki kwana."

'Ya'yana uku suna gida, babansu ya fita neman aiki tun safe. Na kwashi kyawawan takardun na kulle a kabad ɗin Darakta. Na waiwaya na ga tarin lalatattun. Ba ni da ashana, hadari ya haɗo, hannuna duk tawada. Na share su da hannu ɗaya suka zube cikin kwando, na ce gobe da sassafe kafin kowa ya zo. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa babu sassafen da ya kai na Goggo. Ranar nan da ƙafa na isa gida, takalmi a hannu.

Washegari sai wajen ƙarfe tara na samu babur. Ina buɗe ofis na ga ɗakin a share tas, tebur a goge, kwando wayam.

A nan ne nake so in faɗi gaskiya, don kuskuren Litinin kowa zai iya yin sa. Na Talata ne nawa. Daga teburina zuwa kaskon Mami bai fi taku arba'in ba. Da na tashi a lokacin na je na ce ta ba ni takardun jiya, da ko rabi na ceto. Amma bakin ƙofa cike yake da iyaye da masu talla, kuma duk wanda ya ga sakatariya tana tonon takardun mai makala zai tambayi dalili. Sai na zauna na shiga lallashin kaina. Na ce ai Mami tana da tsofaffin takardu jibge, ba za ta kai ga waɗannan ba sai bayan Alhamis, ranar jarrabawa. Na ce ai mai zai jiƙa su rubutun ya ɓace. Na ce wane yaro ne zai tsaya karanta takardar da ya ci makala a ciki? Ƙarfe goma kwano ya zo, na je na zauna na ci.

Ashe yara suna karantawa. A ranar wata yarinya 'yar aji shida ta lura, kafin a tashi duk ajin ya sani. Ran Laraba tun ƙarfe bakwai layi ya miƙe a gaban Mami har bakin kwata. Yaran da suka saba sayen makala biyar a ƙunshi ɗaya suka koma saye ɗaya-ɗaya, kowace da takardarta. Wasu har cewa suke a canza musu takarda, wannan sun riga sun samu irinta. Mami ta ɗauka hannunta ne ya yi albarka, har ta aika gida a ƙaro ƙulli.

Malamin aji shida ne ya tona asiri, ba don bincike ba, don yunwa. Ya sayi makalarsa ya jingina da bishiyar mangwaro, ya ci biyu, sai idonsa ya faɗa kan wani tanki mai famfo biyu, ɗaya na cikawa ɗaya na zubarwa. Tambayarsa ce ta uku, wadda ya kwana biyu yana shiryawa. Ina gani ta taga ya nufo ofis riƙe da takardar da yatsu biyu, mai yana ɗiga. Yanzu in na ba da labarin mutane dariya suke, ni ma nakan taya su. A ranar kuwa ban ga abin dariya ba.

Kafin azahar Alhaji ya bar shagonsa ya iso. Aka tara mu a ofishin Darakta: ni, da Goggo, da Baba, da Mami da ta shigo rungume da ragowar takardun tana rantsuwa da yarenta da Turancin kasuwa cewa ita ba ta san karatu ba, abin da aka kawo mata take naɗi da shi shekara da shekaru. Alhaji ya sallame ta. Ya juya kan Goggo.

"Goggo, ke kika kai mata?"

"Ni ce, Alhaji."

"Daga ina?"

"Daga kwando, inda na saba." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, don har lokacin ba ta gane girman abin ba. "Amma ban haɗa da na Larabci ba, Alhaji. Waɗannan na ware su na ƙone, na binne tokar. Ko ɗaya bai fita ba."

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya cire hula ya share zufa. Ya ce yanzu da wane ido zai kalli masu sauran makarantu uku, mutanen da suka ba shi amana? Ya ce gobe duk kartiye, unguwa kaf, za a ce makarantarsa ce ke sayar da jarrabawa da makala. Sannan ya juyo gare ni.

"Madam, ke fa? Yaya aka yi?"

Na ce, "Alhaji, jarrabawa na kulle ta a kabad da hannuna. Ga mabuɗin, a je a ƙirga, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan magana, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta ba. Na saci kallon Darakta. Ya duƙufa yana gyara alƙaluma a kan teburinsa. Idan ya ce ya umarce ni in ƙone, za a tambaye shi ina yake lokacin da aka gama. Shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa.

Goggo ce ta cike shirun. "Ba ruwan 'yata, Alhaji. Ita zubawa take, ni ce mai kwashewa. Da na tambaye ta da ba a yi haka ba."

Alhaji ya mayar da hularsa. Ni dai a ganina har da sauƙi ya ji, don abin da ya kasa yankewa tun farkon shekara ga shi ya yanke kansa. Ya sassauta murya ya ce, "Goggo, kin yi mana aiki, Allah ya saka. Amma girma ya zo. Ki ƙarasa watan nan, sai ki huta."

Ta ce, "To, Alhaji." Ta nemi izini ta fita, don yaran aji ɗaya sun ɓata ban-ɗaki.

Aka ɗaga jarrabawar mako guda. Malamai suka sake tambayoyi, na sake bugawa ƙofa a kulle, Darakta a zaune a kaina. Wannan karon tare muka ƙone lalatattun, har yana tona tokar da sanda. Muna tsaye a kan wutar na ce masa, "Darakta, ni fa zan je in gaya wa Alhaji yadda aka yi."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ki je mana. Kina tsammani zai mayar da ita? Ya riga ya faɗa a gaban mutane. Ku biyu za ku tafi, wataƙila mu uku. Maigidanki ya samu aiki ne?"

Na ce a'a.

"To, sa sufi, ya isa haka. Maganar ta mutu."

Na so in ce ya hana ni ne. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka. Amma na san abin da na ji a ƙirjina da ya faɗi wannan magana: daɗi na ji. Na je wurinsa ne don ya hana ni, kuma ya yi mini abin da nake so.

Sauran kwanakin watan Goggo ba ta fasa komai ba. Asuba tana nan, kwata tana nan. An hana fitar da takarda daga ofis, amma Mami ta ci gaba da aiko da kwano, ta ce ita ba don takarda take yi ba. Muna zama a bayan tanki kamar da, sai dai wasan ya mutu. Baba ya gwada sau ɗaya, ya ce to yanzu da baiwarsa ta samu 'yanci sai a ɗaura aure, muryarsa ta karye a tsakiya, ya tashi wai zai duba ƙofa. Ni kuwa kullum da maganar nake zuwa a bakina. In ce yau zan gaya mata, in ta kai loma sai in ce bari ta haɗiye, in ta haɗiye sai Baba ya buga ƙarfe. Na saya mata turmin atamfa, na kai mata sabulu da sukari. Ta yi ta godiya har na ji kamar in nutse.

Ba aiki ba za ta iya riƙe ɗakin Nkololoun ba. Ta aika wa ɗan wanta a Ngaundare, ya ce ta taho. Shekara talatin da wani abu rabonta da garin, ta ce ko hanyar gidansu ba lalle ta gane ba. Daga tafiyar nan ban sake ganinta ba. Bayan shekara biyu wani mai rako shanu ya kawo wa Baba labarin rasuwarta.

Ranar da za ta tafi ta zo sallama wajen ƙarfe sha ɗaya. Ban taɓa ganinta da kayan fita ba sai ranar: ta ɗinka atamfar da na ba ta, ta yafa farin mayafi, ta sa kwalli. Ta bi aji-aji ta yi wa malamai ban kwana, yara suna ta ɗaga mata hannu. Ina jin takunta a baranda tana matsowa, na zura takarda a tafireta na shiga bugun abin da ban san mene ne ba.

Ta yi sallama. Ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta durƙusa, tsohuwar da ta haifi kamata, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya.

"Goggo, don Allah tashi! Mene ne haka?"

"Bar ni, 'yata. Tafiya zan yi mai nisa, ban sani ba ko za a sake ganawa. Na nemi gafarar kowa, ke na bari ƙarshe don naki ya fi nauyi." Ta gyara mayafi. "Na ɓata miki aiki. Na sa kin sake wahala kwana da kwanaki, na sa an tsayar da ke gaban Alhaji kamar ɓarauniya, ke da kike riƙe da gida. Da an kore ki saboda ni, ina zan sa kaina? Jahilci ne, 'yata, ba mugunta ba. Ki yafe mini."

Babu kowa a wurin. Darakta ya fita, yara suna aji, Baba yana can bakin ƙofa. Ba Alhaji, ba aikin da zan rasa, don magana ta riga ta mutu. Ni da ita ne kawai, tana durƙushe tana jira. Na buɗe baki, kuma wallahi na yi niyya.

Na ce, "Ba komai, Goggo. Na yafe miki. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta sauke ajiyar zuciya. Ta dafa ƙofa ta miƙe, fuskarta a sake, har da murmushi. Ta kama hannuna mai tawada da hannayenta biyu, ta shi mini albarka, ta shi wa maigidana Allah ya buɗa masa, ta bi 'ya'yana uku ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta ce Allah ya ba ni wanda zai rufa mini asiri kamar yadda na rufa mata.

Na ce amin.